Muhawara: daga gwajin ƙananan hukumomi zuwa yara miliyan 53, wa ke biyan kuɗin faɗaɗa shirin da ya yi nasara?

Habibu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga maganar da nake so mu zauna a kanta da lissafi. Kullum ana cewa gwaji ya yi kyau, saura a faɗaɗa, kamar faɗaɗawar da kanta take zuwa. Amma shirye-shiryen da aka gwada a ƙananan hukumomi biyu ko uku, aka buga rahoto mai hotuna, kaɗan ne daga cikinsu suke kai wa ga jiha guda ma. Na ɗauko ɗaya da ya haye: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59. A 2012 yaran da suka sha wajen dubu ɗari biyu ne. A 2023 sun kai miliyan 53 a ƙasashe 18, kuma fiye da rabinsu a Najeriya suke. Wa ya biya wane mataki? Me ya sa wannan ya wuce, wasu suka maƙale a hanya?

Dokta Ummi:
Wa alaikumus salam Malam Habibu. Ka zaɓi misali mai kyau, domin a nan ana iya bin sawun kuɗin daki-daki, kuma ba aljihu ɗaya suka fito ba.

Na farko masu biyan kuɗin bincike. Shekaru aka yi ana gwaji a Senegal, Mali, Burkina Faso, Gambiya da Ghana, har aka tabbatar cewa maganin yana rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin ɗari a lokacin da cutar ta fi tsanani. Da wannan hujja Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta a watan Maris na 2012, kuma da sharuɗɗa: wurin da fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu kamuwa a shekara suke kamuwa cikin wata huɗu, kuma wurin da magunguna biyun da ake haɗawa, SP da amodiyakwin, suke aiki har yanzu. Wannan takarda ita ce mabuɗi. In babu ita, manyan asusu ba za su saya ba, ma'aikatar lafiya ba za ta sa shi cikin tsarinta ba.

Na biyu masu gwajin aiwatarwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara a Kuciyala ta Mali da Moyisala ta Chadi a 2012. A Najeriya ƙungiyar Malaria Consortium ta fara a Katsina a 2013 da kuɗin Gidauniyar Gates. A wannan mataki an daina tambayar ko maganin yana aiki. Tambayar ita ce ko mai sa kai na unguwa, wanda ba ma'aikacin jinya ba, zai iya bayar da shi daidai.

Na uku shi ne wanda mutane suke mantawa da shi. Unitaid, hukumar ƙasa da ƙasa mai aikin sauƙaƙa samun magunguna, ta saka dala miliyan 67 a shirin ACCESS-SMC, aka yi rabo daga 2015 zuwa 2017 a ƙasashe bakwai: Burkina Faso, Chadi, Gambiya, Gini, Mali, Nijar da Najeriya, inda aka yi a Sakkwato da Zamfara. Aikin wannan kuɗi shi ne ya nuna wa masu haɗa magani cewa akwai kasuwa, ya kuma fitar da farashin kowane yaro a babban sikeli. Sai bayan haka Asusun Global Fund na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da maleriya, da shirin shugaban Amurka na yaƙi da maleriya, da masu bayarwa ta hanyar GiveWell, ƙungiyar da ke tantance wa masu ba da gudummawa shirye-shiryen da suka fi amfani, suka karɓi nauyin kowace shekara.

Malam Sani:
Abin da Dokta ta zayyana ya faru ne a hannun masu tallafi daban-daban, kowa ya kama inda ya fi ƙarfi. Akwai kuma asusun da suka haɗa matakalar a gida ɗaya. Wanda aka fi sani shi ne DIV na USAID, hukumar tallafin waje ta Amurka, da aka kafa a 2010, masanin tattalin arziki Michael Kremer yana cikin waɗanda suka assasa shi. Tsarinsa hawa uku. Hawa na ɗaya har dala dubu 200, don a gwada ko abin zai yiwu a zahiri. Hawa na biyu har dala miliyan 1.5, don a auna tasirinsa da tsauraran hanyoyi, yawanci ta jefa ƙuri'a a raba ƙauyuka ko makarantu gida biyu, wasu su samu wasu su jira, a kwatanta. Hawa na uku, a shekarunsa na ƙarshe, har dala miliyan 15, don miƙa abin ga gwamnati ko kasuwa. Global Innovation Fund da ke Landan, na 2014, kusan haka yake: dala dubu 230, miliyan 2.3, miliyan 15. Faransa ma ta buɗe nata a 2021, masaniyar tattalin arziki Esther Duflo ke shugabantar kwamitinsa.

Hikimar ita ce ƙaramin kuɗi ga ƙaramar hujja, babban kuɗi ga babbar hujja. An san tun farko yawancin na hawa ɗaya ba za su je ko'ina ba, kuma ba a ɗauki hakan asara ba. Da aka waiwayi tallafin shekarun farko na DIV, ƙalilan ne suka kai mutum miliyan, amma amfanin ƙalilan ɗin ya biya kuɗin da aka kashe a kan duka. Abu uku suke tambaya a kowane hawa: ina hujjar tasiri, nawa ne kuɗin mutum ɗaya idan aka kwatanta da abin da ake yi yanzu, kuma wa zai ci gaba da biya bayan mun tafi.

Bala:
Malam Sani, da girmamawa, matakalar nan a takarda ta fi kyau. Hujjar da aka samu a ƙauyuka ɗari ba ta bin shiri zuwa ƙauyuka dubu. Ga misali da ya kamata kowa a zauren nan ya sani.

A arewacin Bangaladash, yankin Rangpur, akwai lokacin yunwa kafin girbi. A 2008 masu bincike suka ba magidanta taka 600, wajen dala takwas da rabi, kuɗin mota zuwa birni don ci-rani. Gidajen da suka tura mutum suka tashi daga kashi 36 zuwa 58 cikin ɗari, abincin gida ya ƙaru. Hujja tsaf. Ƙungiyar Evidence Action ta ɗauka ta faɗaɗa da sunan No Lean Season, GiveWell ta sa shi cikin zaɓaɓɓunta a 2017. Aka sake aunawa a babban sikeli a wannan shekarar, sai aka ga bai ƙara yawan masu tafiya ba sam. Babban dalilin da aka gano: an ba jami'an rance adadin da za su cika, su kuwa suka cika shi da mutanen da dama za su tafi ci-ranin ko babu rance, saboda su ne sauƙin samu. Wanda aka ƙirƙiri shirin dominsa, mai tsoron tafiya don kada ya rasa kuɗin komowa, ba a kai gare shi ba. A 2019 ƙungiyar ta rufe shirin, bayan wannan sakamako da kuma matsalar da ta taso kan rajistarsa a ƙasar.

Na biyu Kenya. Malaman kwantiragi sun ɗaga sakamakon ɗalibai a gwajin farko. Aka sake gwadawa a faɗin ƙasa, rabi ƙungiya mai zaman kanta ta gudanar, rabi ma'aikatar ilimi. A hannun ƙungiyar maki ya tashi. A hannun ma'aikata, babu bambanci. Albashi yana makara, ƙungiyar malamai kuma ta tayar da ƙayar baya. Shiri ɗaya, takarda ɗaya, hannu biyu.

Malam Sani:
Ban musa ba, amma ka lura wa ya gano matsalar Bangaladash. Kuɗin faɗaɗawar ne ya biya awo na biyu. Mai tallafin da ya san aikinsa yana ware kuɗin aunawa a hawa na uku ma, ba ya cewa an riga an tabbatar. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne shirin da aka faɗaɗa ba a sake aunawa ba, ana ta ƙirga "waɗanda suka amfana" shekara goma.

Bala:
A nan mun haɗu. Ko maganin damina da ake yabo, a duba alƙalumansa da kyau. A ACCESS-SMC an nufi yara wajen miliyan 3.6 a 2015, miliyan 7.5 a 2016. A kowane zagaye, wato rabon wata-wata, kusan kashi uku cikin huɗu ake samu. Amma waɗanda suka sha zagaye huɗu cif, sun ɗan haura rabi ne kawai. Kariyar zagaye ɗaya wajen kwana 28 ce, daga nan ta fara raguwa da sauri. Yaron da ya tsallake na Satumba yana fili a tsakiyar lokacin sauro. To idan rahoto ya ce an kai ga yara miliyan kaza, tambaya ta farko ita ce sau nawa.

Sai matsalar ƙirga. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya 2006 ce. Daga ita ake hasashen yawan yara. Shi ya sa za ka ga takardar ƙaramar hukuma ta ce an ba kashi 110 cikin ɗari. Ko dai yaran sun fi hasashe yawa, ko an ba 'yan shekara shida da bakwai saboda uwa ta roƙa, ko an cika takardar ƙirga a ƙarƙashin bishiya. Maganinsa binciken gidaje mai zaman kansa bayan kowane zagaye, a tambayi uwa, a duba katin yaro, a nemi ganin fankon kwalin maganin.

Garba:
Ku bari mai kula da sito ya sa baki. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma abin da ya kusa kayar da shirin nan a shekararsa ta farko ba hujja ba ce, kwaya ce. Kamfani ɗaya ne tak, Guilin na ƙasar Sin, yake da tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan haɗin SPAQ, wato SP da amodiyakwin. A 2015 aka samu ƙarancin maganin, dole aka rage yawan yaran da aka yi niyya. Kuɗi na nan, masu rabo na nan, magani babu.

Kuma kwayar farko mai tauri ce, amodiyakwin ɗin ɗaci kamar maɗaci. Mai rabo sai ya zo da kofi da cokali da sukari, ya niƙa kwayar, ya dama da ruwa, uwa ta riƙe hannuwan yaro, rabi ya zube a riga, rabi ya tofar. Kowane yaro minti da yawa. Daga 2016 aka fara samun mai narkewa a ruwa, mai ɗan zaƙi. Wannan canji kaɗai ya ƙara yawan yaran da mutum biyu za su gama a yini. Irin wannan aiki, na zama da masu haɗa magani, a yi musu alkawarin saye don su faɗaɗa masana'anta, a taimaki na biyu da na uku su samu tantancewa, shi ne abin da Unitaid ta ƙware a kai. Yanzu akwai masu haɗawa a Indiya da Kenya.

Ga yadda lissafin yake, a ɗauki misali kawai. Ƙaramar hukuma mai yara 50,000 da suka cancanta. Zagaye huɗu, kwali 200,000 ke nan, a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na amai da lalacewa da baƙi. Kwalin iri biyu ne: na 'yan wata 3 zuwa 11, da na 'yan wata 12 zuwa 59 mai ninkin ƙarfi. Idan aka kuskure rabon tsakaninsu, sai ka ga na jarirai ya yi ragowa na manya ya ƙare a rana ta uku. Masu rabo bibbiyu suke tafiya, ɗaya na bayarwa ɗaya na rubutu. A ce kowace tawaga tana gama yara 60 a yini, kwana huɗu 240. Kana buƙatar tawaga sama da 200, mutum sama da 400, a ƙaramar hukuma ɗaya. Ninka da ƙananan hukumomi 34 na Katsina ko 44 na Kano. Dukansu sai an horar da su, an ba su kayan aiki, an biya su alawus sau huɗu.

Sannan kalanda. Zagayen farko a Yuli ne a yawancin jihohin Sahel. Kafin nan sai an haɗa maganin, an ɗora a jirgin ruwa, an sauke a Legas, an samu takardar yafe haraji, an fitar daga kwastam, an kai babban sito, an raba wa jihohi, an kai asibitocin mazaɓu. Don haka oda tana fita tun shekarar da ta gabata. Mai tallafin da ya amince da kuɗi a watan Maris ya riga ya makara. Sauro ba ya jiran a sa hannu a yarjejeniya.

Dokta Ummi:
Malam Garba ya taɓo inda gizo ke saƙa. In ƙara da ɓangaren inganci, domin shi ne farkon abin da ke zubewa idan aka ninka yawa. Ƙa'idar kowane gida ita ce: a tabbatar da shekarun yaro. A tambaya ko yana zazzaɓi, in yana yi ba a ba shi, sai a tura shi asibiti a yi gwajin jini. A tambaya ko yana shan kotirimokzazol, ko jikinsa ba ya karɓar magungunan salfa, ko ya sha ɗaya daga magungunan nan biyu cikin makonni huɗu da suka wuce. Ranar farko mai rabo ya ga an haɗiye SP da amodiyakwin a gabansa, a jira rabin awa, in ya yi amai a maimaita sau ɗaya. Rana ta biyu da ta uku uwa ce ke ba da sauran kwaya biyu. A cika kati, a yi alama da alli a ƙofa.

A gwaji, mai duba aiki yana bin kowace tawaga. A jiha guda, mai rabo da aka ce sai ya cika adadi zai miƙa wa uwa kwalin ta ƙofa ya wuce. Uwa kuma wani lokaci ta ajiye kwaya biyun don ranar da yaro ya yi zazzaɓi, ko ta raba wa yayansa. Shi ya sa aka shigo da mata jagorori na unguwa da ke zagayawa rana ta biyu da ta uku suna tuni, da masu shela, da limamai da masu unguwanni. Waɗannan duk layuka ne a kasafi, kuma su ne ake fara yankewa idan kuɗi ya ragu, alhali su ke riƙe da tasirin.

Isuhu daga Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa. A Nijar MSF ta fara a 2013 a wasu gundumomin jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa, irin su Magariya da Madarunfa, kafin gwamnati da abokanta su karɓa. Abu biyu zan ƙara.

Na ɗaya farashi. Binciken kuɗin da aka yi a kan rabon 2016 ya nuna matsakaicin dala 3.63 ga yaro ɗaya na zagaye huɗu a ƙasashe bakwai. A Nijar dala 2.71, a Gambiya dala 8.20. Magani ɗaya ne. Bambancin yana wurin yawan yaran da ake raba wa kuɗin ofis da horo da motoci, da kuma tsadar aiki a kowace ƙasa. Wannan lamba ita ce ta buɗe ƙofar manyan asusu. Mai shirin da bai san kuɗin mutum ɗaya ba, da kuma yadda zai sauya idan aka ninka goma, bai shirya magana da su ba.

Na biyu, da shiri ya samu hanyar shiga kowane gida sau huɗu a shekara, kowa yana so ya ɗora kayansa. A Nijar an haɗa rabon da awon tamowa, ana ɗaura ma'aunin dantse a hannun yaro, mai ja ko rawaya a tura shi asibiti. Ya dace, domin damina ce lokacin da yunwa da zazzaɓi suke haɗuwa. Amma kowane ƙari yana rage gidajen da za a gama a yini. In za a ƙara aiki, a ƙara tawaga ko a ƙara kwana.

Habibu:
Na gode ƙwarai. Amma ku ba ni dama in tsokane ku. Fiye da shekara goma da farawa, har yanzu mafi yawan kuɗin maganin da alawus daga waje yake zuwa. Malam Sani ya ce tambaya ta uku ita ce wa zai biya bayan mun tafi. To a nan ba wanda ya tafi, an dai yi ta miƙa wa juna. Wannan faɗaɗawa ce ko dogaro ne ya faɗaɗa?

Hajiya Rabi:
Tambayar ta dace, kuma ɓangarena ne. Masu tallafi suna da hanyoyi na jawo gwamnati cikin biya, kowace da inda take yoyo.

Ta Gavi, a harkar allurar rigakafi, ita ce ta fi tsari. Ƙasa mafi talauci tana biyan santi 20 na dala a kan kowace allura. Idan kuɗin shigarta ya haura wani mizani, kasonta yana ƙaruwa da kashi 15 cikin ɗari kowace shekara, daga nan ta shiga zangon fita, har ta ɗauki duka. Najeriya ta kai lokacin fita amma yawan yaran da ba a yi wa allura ba ya sa a 2018 aka yi mata tsari na musamman har zuwa 2028. Amfanin wannan hanya shi ne tana tilasta buɗe layi a kasafin ƙasa tun ranar farko, ko da ƙaramin kuɗi ne.

Global Fund kuma zango na shekara uku yake yi. Ƙasa ta rubuta buƙatarta ta hannun kwamitin haɗin gwiwa na ƙasa, kuma ana riƙe wani kaso na rabonta, aƙalla kashi 15 cikin ɗari, sai ta nuna ta ƙara nata kuɗin a fannin. Matsalar ita ce bambanci tsakanin abin da aka rubuta a kasafi da abin da aka saki. Kasafi ya ce miliyan ɗari, a saki talatin a watan Nuwamba, bayan damina ta wuce.

Ta Bankin Duniya daban ce, domin rance ne, kuma tun 2012 yana da tsarin biya bayan an ga sakamako. Misalinsa a Najeriya shirin ceton rayuka miliyan ɗaya, dala miliyan 500 a 2015. Ba a biyan kuɗin rasit ɗin mai ko taron bita. Ana auna abubuwa irin su yawan yaran da aka yi wa allura da matan da suka haihu a hannun ƙwararru, ta binciken gidaje, jihar da ta inganta a ba ta. Wahalarsa biyu: jiha sai ta fara kashe nata kafin ta samu, kuma idan awon yana da kuskure babba, za a iya saka wa jiha ko a hana ta saboda sa'a kawai.

Amsata ga Malam Habibu: an faɗaɗa isarwa, ba a faɗaɗa biya ba. Ma'aikatan gwamnati ne ke dubawa, asibitocin gwamnati ne cibiyoyin rabo, amma aljihu na wani ne. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantarsa ba.

Malam Sani:
Hajiya ta yi daidai, kuma masu bayarwa sun san da wannan tarko. GiveWell, wadda ta sa shirin maganin damina cikin zaɓaɓɓunta tun 2016, tana lissafa shi a fili. Tana tambaya: in ba mu ba da kuɗin nan ba, wani zai bayar? In amsar ita ce mai yiwuwa Global Fund ko gwamnati za su cike gurbin, sai ta rage darajar da ta ba tallafin, domin kuɗinta ya kori na wani ne kawai. Tana kuma kwatanta kowane shiri da ba talaka kuɗi a hannu. Tsakanin 2022 da 2024 sai shiri ya ninka amfanin hakan sau goma take sakawa. Kuma jiha-jiha take lissafin, saboda inda mace-macen yara ya fi yawa, dala ɗaya ta fi aiki.

Bala:
Wannan lissafi yana da kaifi, amma yana da gefen da yake karkata. Yana son abin da ake ƙirgawa: kwaya, gidan sauro, allura. Gyaran tsarin biyan albashin ma'aikatan lafiya ko gyaran sito ba ya shiga ma'aunin da sauƙi, alhali a kansu komai ya dogara. Maganin damina ya haye ne domin siffarsa ta dace da abin da masu tallafi suka iya: kaya ɗaya, farashi sananne, kwana huɗu a wata, sakamako a cikin damina guda. Girkin gida da girkin biki ba a tukunya ɗaya ake yi ba, wannan kuwa tun asali irin abincin biki ne. Shirin da ke buƙatar malami ko ungozoma su sauya halin aiki kullum, shekara da shekaru, ba zai bi wannan hanya da sauri haka ba.

Hajiya Rabi:
Kuma 2025 ta gwada kowa. A 20 ga Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje na kwana 90, a Maris aka sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen USAID, a 1 ga Yuli hukumar ta daina aiki. DIV da Malam Sani ya bayyana ya tafi tare da ita. A Fabrairu Birtaniya ta ce za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Global Fund ya rage wa ƙasashe kuɗi a tsakiyar zango. Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar don toshe giɓi. Dakatarwar ta faɗo daidai lokacin da ake shirin damina, kuma Malam Garba ya riga ya nuna mana abin da jinkirin wata uku yake yi wa kalanda.

Dokta Ummi:
Ina so in kare wani abu guda da aka yi daidai, kada mu tafi da cewa duk kwafe ne. A 2012 ba a ba da shawarar maganin ga gabashi da kudancin Afirka ba, saboda ƙwayar cutar a can ta saba da SP. Da aka so kai shi can, ba a ce ai ya yi aiki a Sahel ba. An koma hawa na ɗaya, aka gwada a Nampula ta Mozambik da Karamoja ta Yuganda daga 2020 da 2021. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan yanki da yawan zagaye. A Najeriya ma daga jihohi tara na Sahel aka kai 21 har da Abuja, inda damina ta fi tsawo ana yin zagaye biyar. Abin da ya rage a sa wa ido shi ne bijirewar ƙwayar cutar. Kuɗin ɗaukar samfurin jini a duba alamunta ƙarami ne, amma ba ya cikin abin da ake ƙirgawa a matsayin yara da aka kai wa, don haka shi ma yana cikin haɗarin yankewa.

Habibu:
To ga tambaya ta aiki. Ƙungiya tana da shiri da ya yi kyau a ƙananan hukumomi uku. Me za ta riƙe a hannu kafin ta nemi kuɗin faɗaɗawa?

Malam Sani:
Sakamako mai abin kwatance, ba kafin da bayan kawai ba, domin damina mai kyau ko faɗuwar farashi za su iya ba ka ci gaban da ba naka ba. Sai kuɗin mutum ɗaya, da albashin ma'aikatan ƙungiya a ciki, ba a ɓoye shi ba. Sai rubutaccen bayani na abin da ba za a taɓa ba da abin da za a iya sauƙaƙawa. Kuma in da hali, a gwada sigar mai araha tun yanzu a ƙaramar hukuma ɗaya, da ma'aikatan gwamnati, da mai duba aiki ɗaya ga tawagogi da yawa, yadda zai kasance a gaske. In tasirin ya ɓace a nan, gara a sani da dala dubu 200 da a sani da miliyan 15.

Hajiya Rabi:
Takardar fahimtar juna da kwamishina ba ta isa ba, kwamishinoni suna sauyawa. A nemi lambar layi a kasafin jiha, a san wane sashe ne zai riƙe ta, a shiga tun lokacin da ma'aikatar kasafi ta aika wa ma'aikatu takardar kiran ƙiyasi a tsakiyar shekara. Wanda ya zo a Disamba an riga an kai wa majalisa.

Garba:
Kuma a gwada hanyar biyan masu aiki kafin ranar farko. Mutum dubu goma a jiha, wasu ba su da asusun banki, wasu sunan da ke asusun bai yi daidai da na rajista ba, wasu sun ba da na ɗan'uwa. A tantance lambobin asusu a lokacin horo, a tura wa kowa kuɗin motar horon ta nan don a ga waɗanda kuɗinsu bai shiga ba, a gyara su cikin makonni biyu. Idan alawus na zagayen Yuli bai shiga ba kafin na Agusta, wasu ba za su fito ba, a maye gurbinsu da waɗanda ba su yi horo ba, kuma a takardar ƙirga ba za ka ga bambancin ba sai an yi binciken gidaje.